Yadda na bi sawun matsalar 555 mai tuƙa filaibak, daga konewar fis zuwa tartsatsin santimita 3

Sakit ɗin da zan yi magana a kai ba shi da kaya da yawa. Aisi ɗaya ne, NE555, yana kunna mosfet, wato taransiston da ke aiki kamar makunni, yana kashe shi sau dubbai a daƙiƙa, shi kuma mosfet ɗin yana buɗe wa wutar batir hanya ta bi ta wani ɗan kwayil da aka naɗa a jikin filaibak, wato taransifomar da ke samar da babbar wuta a tsohuwar talabijin mai doro. Duk lokacin da aka datse wutar, maganaɗisun da ya taru a ƙarfen filaibak ɗin yakan rushe a take, sai dubban bolt su fito ta jar wayar nan mai kauri.

Ga yadda na haɗa shi da farko: batir 12V 7Ah irin na UPS, fis 5A, razisto 1k daga ƙafa ta 8 zuwa ta 7, razisto 3.3k daga ta 7 zuwa ta 6 da ta 2, kwandansa 10nF daga nan zuwa nagetif, sai ƙafa ta 3 ta tafi kai tsaye get ɗin mosfet IRF540N, wato ƙafar da ake kunna shi da ita. Kwayil ɗin naɗi 8 ne na wayar wayarin mai 1.5 a gefen ferait, wato ƙarfen filaibak ɗin, da ke waje. Lissafin da ke cikin takardar bayanin 555 shi ne a raba 1.44 da jimillar razisto na farko da ninki biyu na na biyu, sau kwandansa. Ya ba ni kusan 19kHz. Wannan bai yi nisa da inda aka ƙera filaibak ɗin ya yi aiki ba, domin talabijin ɗinmu na tsarin PAL layi 625 yake zanawa sau 25 a daƙiƙa, wato 15,625Hz.

Ina jona batir sai na ji ƙara mai tsini kamar usur, fis ya tafi, mosfet ya yi zafin da ba a taɓawa. Ko tartsatsi ɗaya ban gani ba.

Kafin a ci gaba, abin da ke fita daga jar wayar nan ya kai ya ƙona fata har ciki, kuma wasu filaibak, musamman na allon kwamfuta, suna da kwandansa a ciki da ke riƙe caji bayan an cire batir. Ina aiki da hannu ɗaya, ina riƙe wayar da sandar roba mai tsawon kamu biyu, kuma kafin in taɓa komai sai na cire batir na haɗa jar wayar da ƙafar dawowarta, wato ɗaya ƙarshen babban kwayil ɗin da ke cikin filaibak. Tartsatsin yana haifar da iskar ozon, don haka taga a buɗe take, kuma babu fetur ko tina a kusa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ma ya matso. Taransifomar injin ɗumama abinci kuwa wani abu ne daban: wajen bolt 2,000 take bayarwa da karan, wato gudun wutar da ake aunawa da amfiya, wanda ke kashe mutum nan take, ba ta cikin wannan zance.

Abu na farko da na yi bayan konewar fis shi ne cire kwayil da mosfet gaba ɗaya, aka bar 555 shi kaɗai. In dai ɓangaren ƙarfi yana jone, duk gwajin da za ka yi na daƙiƙa biyu ne, kuma kowane gwaji da kuɗinsa. Na sa mita a ma'aunin dayod na auna mosfet ɗin: diren da sos, ƙafafun biyu da babbar wuta ke bi, sun yi shot, get da diren ma sun yi shot. Wannan na biyun ne ya fi muni, domin ta nan bugun da ke kan diren ya sami hanya ya koma ƙafa ta 3 ya kashe aisin. A irin wannan sakit, idan mosfet ya mutu, ka ɗauka 555 ya bi shi sai in awo ya nuna akasin haka. Shi ya sa ban ƙara liƙa aisin da dalma ba, soket mai ƙafa 8 na sa masa.

Gwada 555 ba ya bukatar osiloskof. A cikinsa akwai razisto uku masu daraja ɗaya da suka raba wutar gida uku, don haka a 12V ƙafa ta 5 dole ta nuna 8V. Kwandansar lokaci tana hawa da sauka tsakanin 4V da 8V, mita kuwa matsakaici take gani, wajen 6V a ƙafa ta 2 da ta 6. Idan ka ga 12V cur ko sifili a wurin, ba ya bugawa. Ƙafa ta 4 kuma dole ta kasance a haɗe da ta 8. Sabon aisin ya ci duk waɗannan gwaje-gwaje, amma da na juya mita zuwa ma'aunin Hz sai ta nuna 1.9kHz. Kashi ɗaya cikin goma na abin da na lissafa. Na ɗaga kwandansar na duba da kyau: 104 aka rubuta a jikinta, ba 103 ba. Lambar ƙarshe yawan sifili ce a ma'aunin pF, don haka 103 ita ce 10nF, 104 kuwa 100nF, kuma girmansu da launinsu kusan ɗaya ne. Wanda mitarsa ba ta auna Hz, sai ya jingina kwandansa 100µF a kan ta 10nF ya sa ƙaramin kwan LED da razisto 1k a ƙafa ta 3. Saurin zai faɗi sau dubu goma, ya ga kwan yana ƙiftawa kamar sau biyu a daƙiƙa. Ƙarar ma shaida ce: 19kHz yawancin manya ba sa jin ta, abin da kunne ya ji a fili ya yi ƙasa da yawa.

Dalilin da ya sa kuskuren lamba ɗaya ya kashe mosfet shi ne zuciyar wannan aiki gaba ɗaya. Kwayil mai naɗi 8 na waya mai kauri ba shi da wata turjiya, a wurin batir shot ne kawai. Abin da ke hana karan ya yi tsalle shi ne indaktans, kuma shi ba ya tsayar da karan, jinkirta hawansa yake yi. Na auna nawa da mitar LCR, 22µH. Karan yana hawa da bolt sau lokaci a raba da indaktans, wato sama da rabin amfiya a kowace µs ɗaya (kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa). A µs 30 ya kai 16A. Da kwandansar 104 mosfet yana zama a kunne µs 300, lissafi ya ce 160A, amma tun kafin a je nan ferait ɗin ya ƙoshi da maganaɗisu, indaktans ya ɓace, ba abin da ya rage tsakanin batir da mosfet sai waya. Fis kuma ya fi mosfet jinkirin mutuwa. Amfaninsa ya hana wayoyi kamawa da wuta, ba ya ceton taransisto.

Abin da ke cetonsa lokacin gwaji shi ne kwan fitilar mota. Na sa na birki mai 21W a jere tsakanin fis da ɓangaren ƙarfi, sannan kwandansa 2200µF 35V bayan kwan, dab da kwayil. Idan karan ya yi yawa kwan ya haska, turjiyarsa ta ƙaru, ya shanye wutar. Sai dai a kula, 555 daga batir kai tsaye zai sha, ba daga bayan kwan ba. In ba haka ba, duk lokacin da kwan ya haska wutar get za ta faɗi, mosfet ya tsaya rabi a buɗe rabi a rufe, ya dafu a hankali. Bayan abubuwa sun fara daidaita na koma kwan babbar fitila mai 55W, a ƙarshe na cire shi.

Da kwandansar daidai da sabon mosfet, sai aka sami tartsatsi, amma siriri ne mai launin shuɗi, bai wuce milimita 2 ba. A nan mutane da yawa suke fara murɗa bolum, wato razisto mai murɗawa, ko ƙara batir, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Filaibak na talabijin mai launi na ƙarshen zamanin masu doro yana da jerin dayod a binne cikinsa, yana ba da wuta ta fuska ɗaya kawai. Idan ka jona kwayil ɗinka a juye, dayod ɗin suna wucewa da wuta a lokacin da mosfet ke kunne, sannan kuwa 12V ne kawai a kan kwayil. Babban bugun da ke zuwa lokacin datsewa, wanda ya ninka wannan sau da yawa, sai su tare shi. Na musanya bakin wayoyin biyu, tartsatsin ya tashi daga sama da santimita 1. Ba wata hanyar sanin fuskar daidai da ta fi gwada duka biyun a ƙaramin ƙarfi.

Gano ƙafar dawowa ma da nasa sirrin. A ƙasan filaibak akwai ƙafafu wajen goma a jere kamar kofaton doki, ɗaya daga cikinsu ce ƙarshen babban kwayil. Mita a ma'aunin dayod ba za ta nuna ta ba, domin dayod ɗin da ke jere sun fi ƙarfin ɗan bolt ɗin da mita ke turawa, sai ka ɗauka filaibak ɗin ya tsinke. Na jera batir 9V guda uku, na jona nagetif ɗinsu da jar waya, fozitif ya bi ta mita a ma'aunin bolt, na riƙa taɓa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Wadda mita ta motsa a kanta ita ce. Sauran ƙafafun na tsohon kwayil na talabijin ne, su ma suna ɗauke da ɗaruruwan bolt idan ana aiki, haka siraran wayoyin fokas da sikirin suna ɗauke da dubbai. Na yanke su gajeru na rufe da gam ɗin silikon.

Yanzu akwai tartsatsi, amma cikin rabin minti mosfet ya yi zafi duk da farantin alminiyon da ke bayansa, kwan 55W kuma yana jan haske. Na koma kan lissafi. A haɗin 555 na asali kwandansa tana cika ta razisto biyu, tana zubewa ta ɗaya, don haka lokacin kunnawa kullum ya fi na kashewa. Nawa µs 30 a kunne, µs 23 a kashe. Yawan maganaɗisu a ferait shi ne bolt sau lokaci, a raba da yawan naɗi sau faɗin ƙarfen. Sandar ferait ɗina kaurinta wajen milimita 14 ne, faɗin bakinta kusan murabba'in santimita 1.5. Aka sami tesla 0.3, ma'aunin yawan maganaɗisu ke nan. Irin wannan ferait yana ƙoshi ne tsakanin 0.35 da 0.4 idan ya ɗumama, ga shi kuma µs 23 ba kullum suke isa ya sauke abin da ya ɗauka ba, sai zagaye na gaba ya ɗora a kan saura. A bakin rami nake tafiya. Wannan lissafi yana nuna wani abu kuma: duk wanda ya koma 24V bai rage lokaci ko ya ninka naɗi ba, ya faɗa ramin.

Gyaran shi ne a raba lokutan biyu, kowanne da nasa bolum. Na sa dayod 1N4148 a kan razisto na biyu, bakin da ba shi da zobe a ƙafa ta 7, mai zoben a ta 6. Da haka kwandansa tana cika ta razisto na farko kaɗai. A wurin na farkon na sa 1k a jere da bolum 2.2k, wanda ya ba ni lokacin kunnawa daga wajen µs 8 zuwa 25, ba zai taɓa wucewa ba ko an murɗa har ƙarshe. A wurin na biyu 1k da bolum 4.7k, kashewa daga µs 7 zuwa 40. Razisto 1k ɗin nan na farko ba ado ba ne. Zane-zane da yawa da ke yawo a intanet bolum kaɗai suke sawa a wurin, ranar da ka murɗa shi zuwa sifili taransiston da ke cikin ƙafa ta 7 zai haɗa fozitif da nagetif kai tsaye, aisin ya tafi. Na tsaya a µs 20 kunne, µs 30 kashe, wato 20kHz. Karan yana kaiwa 11A a ƙololuwa, kowane bugu yana tara wajen 1.3mJ, jimilla kusan 26W.

Zafin ya ragu, bai tafi ba. Kuma lissafi ya ce bai kamata ya kai haka ba: turjiyar IRF540N a kunne 0.044Ω ce, wadda a wannan karan ba za ta haifar da zafin da ya kai 1W ba. Ke nan zafin daga wani wuri yake.

Don ganin abin da ke faruwa a diren ba tare da osiloskof ba, na haɗa ɗan tarkon ƙololuwa: dayod mai sauri UF4007 daga diren zuwa kwandansa 100nF 630V, ɗaya ƙafar kwandansar a sos, razisto 1M a kanta, mita a kan razisto. Kwandansar tana cika zuwa mafi tsayin bugu ta tsaya, mita ta karanta. 1N4007 ba ta dace da wannan ba, tana da nawa wajen rufewa. Mita ta nuna 112V. Na rage lokacin kunnawa, 112V. Na ƙara, 112V, ko gezau. Lambar da ba ta motsi alama ce cewa wani abu ne ke datse ta, kuma abin nan mosfet ɗin ne da kansa. Iyakarsa 100V, da an ɗan haura sai ya ɓalle ya bar karan ya wuce, kamar madatsar ruwa da ta cika ta tumbatsa. Yana iya jure wannan jefi-jefi, amma ba sau 20,000 a daƙiƙa ba.

Tushen bugun shi ne kwayil ɗin da muke naɗawa da hannu yana gefe ɗaya na ƙarfen, babban kwayil yana ɗaya gefen, don haka ba duk maganaɗisun ke ratsa su biyun ba. Kason da ya yi yoyo ba shi da hanyar zuwa jar waya, dole ya huce a kan diren. A ƙaddara 5µH ne cikin 22µH: a 11A wannan 0.3mJ ne kowane bugu, 6W ke nan a jikin mosfet. Wanda ya saba da rile zai ce a gicciya dayod a kan kwayil. Kada a yi. Dayod ɗin za ta danne bugun zuwa ƙasa da bolt ɗaya, kuma bugun nan shi ne abin da muke nema, sai mosfet ya yi sanyi, tartsatsi ya ɓace, dayod ta dafu. Talabijin ɗin da aka ciro filaibak daga cikinta ta riga ta nuna hanya: a gefen taransiston layi akwai kwandansa mai jure bolt sama da dubu da dayod mai kwantar da kaɗawa. Kwandansar tana karɓar bugun ta mai da shi tudu mai laushi maimakon tsinin allura. A mosfet dayod ɗin tana nan a ciki. Na sa kwandansa 68nF 630V irin ta folifurofilin tsakanin diren da sos, ƙafafunta gajeru, na kuma koma IRFP250N mai jure 200V da 30A. Mita ta nuna 135V, kuma yanzu lambar tana hawa tana sauka da bolum, yadda ya kamata. Na gwada 220nF, diren ya sauka sosai amma tartsatsi ya gajarce. Na gwada 22nF, aka doshi 190V. Ƙaramar kwandansar seramik ko koriyar nan ta rediyo ba ta ɗaukar wannan karan, zafi take yi ta fashe.

A kan zaɓen mosfet, ba mai bolt mafi yawa ne ya fi ba. IRF840 yana jure 500V amma turjiyarsa 0.85Ω ce, a 11A ya cinye 9V cikin 12V ɗinka. IRFZ44N da ke cika shagunan masu gyaran inbata 55V ne kawai, ba ya kwana a nan. 2N3055 da ke cikin tsofaffin zane-zane yana bukatar karan mai yawa a bes, ƙafar da ake kunna shi da ita, wanda 555 ba zai iya bayarwa ba, ga jinkirin rufewa. Sannan akwai jabu a kasuwa, angulu da kan zabo. Guda biyu cikin waɗanda na saya suna zafi ba dalili, da na fasa ɗaya sai ga ƙwayar silikon ɗin ciki 'yar mitsitsiya. Gwajin da nake yi yanzu: 12V a get, kwan 55W a jere da diren, in auna bolt tsakanin diren da sos. A wajen 4A, IRFP250N na gaske bai kamata ya wuce 0.3V da yawa ba. A tuna kuma bayan mosfet a haɗe yake da diren, don haka farantin alminiyon yana ɗauke da bugun, sai an raba su da maika ko a hana farantin taɓa komai.

Babban mosfet ya zo da sabuwar matsala. Get ɗinsa kamar kwandansa yake, na IRFP250N yana shan caji har 123nC, NE555 kuwa iyakarsa 200mA. A raba, sama da rabin µs ke nan kafin ya gama rufewa, kuma a wannan tsakani karan yana gudu bolt yana hawa, duka a jikinsa. Na sa BD139 da BD140 a tsakani: bes ɗinsu biyu a ƙafa ta 3, emita biyu a haɗe zuwa get ta razisto 10Ω, kolektan BD139 a fozitif, na BD140 a nagetif. Wanda ya sami TC4420 ya huta, aisi ne da aka yi don wannan aiki, yana tura har 6A. Na ƙara razisto 10k daga get zuwa sos don kada get ya zauna a sake idan aisin ya fita daga soket, da zena 15V a wuri guda, tunda get ba ya jure fiye da 20V. Abin lura, NE555 ba ya kai ƙafa ta 3 har 12V, yana rage wajen 1.7V, BD139 ya ƙara cin 0.7V, get ya sami 9.6V. Ya isa, amma idan batir ya sauka zuwa 10.5V ana shiga haɗari. Da batir ya yi ƙasa da 11.5V nake tsayawa in yi caji.

Bayan wannan farantin ɗumi kawai yake yi. Sai da sauran rina a kaba: da zarar tartsatsi ya kama, ƙarar takan canja ta koma kamar ana suya, tartsatsin ya riƙa yankewa, wani lokaci karan ya yi tsalle. Idan babu tartsatsi lafiya lau. A wannan karon 555 ne ke rikicewa, amma ba laifinsa ba ne. Yana auna lokaci ne da kashi ɗaya da kashi biyu cikin uku na wutar da yake sha, idan wutar tana rawa lokacin ma zai yi rawa. Ni kuwa nagetif ɗinsa na ɗauko daga wayar da ke ɗauke da 11A na mosfet, kuma duk haɗin yana kan allon gwaji mai ramuka, wanda ƙarafunansa ba a yi su don fiye da amfiya ɗaya ba.

Na tashi aikin daga allon na koma bero, allon da ake liƙa kaya a kansa da dalma. Kwandansa 2200µF, kwayil da mosfet na matse su wuri guda da waya mai kauri, zagayen bai fi tafin hannu ba, na ƙara kwandansar fim 1µF a gefen babbar. Nagetif na 555 ya sami wayarsa ta daban wadda ta haɗu da ta ƙarfi a wuri ɗaya tak, ƙafar sos. Fozitif ɗinsa ya bi ta dayod 1N5819 da razisto 10Ω zuwa kwandansa 470µF, don idan batir ya nutsa na ɗan lokaci dayod ta hana cajin komawa. Kwandansa 100nF, ita 104 ɗin da ta jawo fitina da farko, ta sami gurbinta na gaskiya a kan ƙafa ta 1 da ta 8, a manne da soket, domin NE555 da kansa yana fizgar karan mai yawa na ɗan ƙiftawa duk lokacin da ya juya. Sai 10nF daga ƙafa ta 5 zuwa nagetif. Wayoyin bolum na gajarta su na murɗe su da juna, jikin bolum ɗin na ƙarfe na kai shi nagetif. Kafin haka ko hannu na kai kusa da bolum ƙarar canjawa take.

Mosfet na ƙarshe da na rasa ba ta ɓangaren 12V ya mutu ba. Na buɗe tazarar wayoyin fitarwa fiye da yadda tartsatsi zai iya tsallakawa, ga ƙafar dawowa tana lilo ba a jone da komai ba. Wutar ta nemi hanya mafi kusa, ta tsallaka daga ƙafar zuwa ferait, daga ferait ta huda robar kwayil ɗina. A cikin duhu na ga shuɗin haske a wurin, robar kuma da ɗan baƙin ɗigo kamar hudar allura. Na sake naɗi a kan tef ɗin kafton ninki uku, na liƙa wa ƙafar dawowa waya mai kaurin roba na rufe gindinta da silikon, na kai ta ga sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, ba ga nagetif na sakit ba. Na kuma kafa tazara ta dindindin ta santimita 2 tsakanin wayoyin biyu, yadda ko na janye sandar hannu wutar tana da inda za ta faɗa. Filaibak da ke aiki ba tare da inda zai sauke ba yana iya huda kansa daga ciki, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Yanayi ma yana taka rawa: da damina danshi da ƙurar da ta kwanta a jikin tsohon filaibak suna ba wuta hanya ta bi bayansa tana tsuwa, sai an wanke shi da sifirit an shanya. Da hunturu yoyon ya ragu, amma a lokacin ne cajin jiki ke kashe get ɗin mosfet tun yana hannu.

Wani abu da ke faruwa ga masu cire ƙarfen don su ji daɗin naɗi: tsakanin rabi biyu na ferait akwai 'yan siraran robobi da ke barin tazara. A wannan tazara ake tara kusan duk ƙarfin da bugun ke fitarwa. Idan suka faɗi aka mayar da ƙarfen a manne, sakit zai sha ɗan karan kaɗan, tartsatsi ya zama ba kumari, kana ƙara lokaci kuma ya ƙoshi farat ɗaya.

Awon ƙarshe na yi shi da mita mai allura, domin mai lambobi tana haukacewa kusa da tartsatsi, kuma kada a kuskura a kai kowace irin mita kan jar waya. Batir 12.4V, saurin bugu 20kHz, kunnawa µs 20. Ba tartsatsi sakit yana shan wajen 1A, da tartsatsi ya ɗan haura 2A. Diren yana tsakanin 120V da 140V. Tartsatsin yana kamawa daga santimita 1.5, ana jan sa har 3 kafin ya tsinke, wanda tsakanin wayoyi masu tsini yake nuna bolt dubu goma sha wani abu. Da na murɗa bolum na kashewa a hankali na sami wuraren da tartsatsin ke yin kauri karan kuma ya ragu, wato inda mosfet ke kunnuwa daidai lokacin da kaɗawar diren ta sauko ƙasa. A nan na bar shi na ɗiga wa bolum ɗin gam. Bayan minti 5 a jere farantin alminiyon yana riƙuwa da hannu, ferait ɗin ne ya fi shi ɗumi, don haka minti 5 nake ba shi in kashe ya huce.